Likita Ya Amsa: Magungunan Ciwon Damuwa

Tambaya: Likita, kwana 10 ke nan ina shan sertraline, ban ga sauyi ba. In bari?

Amsa: Kada ka bari. Yawanci sai an yi mako 2 zuwa 4 ake fara jin sauƙi, wani ma har mako 6. In ka kai haka shiru, koma wa likitanka.

Tambaya: Gaskiya ne magungunan ciwon damuwa suna sa ƙiba?

Amsa: Wasu suna sawa, musamman mirtazapine da amitriptyline. Gaya wa likitanki, ana iya canza miki wani.

Tambaya: Ƙanena ya yi wata 3 yana shan fluoxetine, har ya fara dawowa hayyacinsa. Sai ya ga wani bidiyo ana cewa ƙarya likitoci suke yi, kuɗi kawai kamfanoni ke nema. Ya watsar da maganin, ya koma shan wani haɗin ganye, in abin ya ci tura ya ƙara da tramadol.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ta tayar min da hankali. Bidiyon yana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa yake kama mutane. An daɗe ana cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ne ke kawo ciwon, sai wani babban nazari na 2022 ya ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar hakan. Amma rashin sanin yadda magani ke aiki daban, rashin aikinsa daban. Ko paracetamol har yau ba a gama gano yadda yake kashe ciwo ba. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 kan magunguna 21, kuma kowannensu ya fi ƙwayar da babu magani a ciki amfani. Ba kowa suke yi wa ba, ban musa ba. Ƙanenki dai sun yi masa, ke shaida ce.

Tramadol ɗin ne ya fi ɓata min rai. Fluoxetine yana ɗaukar makonni kafin ya fita daga jiki, idan ya haɗu da tramadol kuwa yana iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi kuma ganyen, wa ya san abin da ke ciki? An guji maganin da aka gwada a kan dubban mutane, an rungumi wanda ko sunansa ba a sani ba!

Kada ki yi masa faɗa. Lallaɓa shi ku je asibiti cikin makon nan, ku tafi da ganyen. Idan ya fara zancen mutuwa ko cutar da kansa, a kai shi ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Tambaya: Na warke, zan iya dainawa?

Amsa: Ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sannan likita ya rage maka a hankali. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da saurin fushi, ciwon ma yana iya dawowa. Je ka ga likitanka tukuna.