Haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa, wai sanyi ne?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Ƙanwata ce ta haihu yau sati uku, ɗan fari, tun bayan suna ƙafafunta suka kumbura har silifas baya shiga, kuma ko ɗaki ta share sai ta zauna tana haki. Da dare bata iya kwanciya sai an jera mata filo uku, ga tari. Goggonmu tace sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan wanka da kunun kanwa. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh. Daga wata 'yar uwa a Funtua.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki ajiye duk abinda kike yi ku kaita asibiti yau ɗinnan, ba kemis ba, babban asibiti inda za a iya mata hoton zuciya, wanda suke cewa eko.

Abinda yafi tayar min da hankali a wasiƙarki shine filo ukun nan. Kumburin ƙafa kaɗan bayan haihuwa mata da yawa suna yi kuma ya sauka da kansa, amma mace ta kasa kwanciya a miƙe sai numfashi ya sarƙe, ga tarin dare, wannan sau da yawa ruwa ne ya taru a huhu saboda zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata. Akwai ciwon zuciya da yake kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin inda yafi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da akayi a Kano daga baya ya ƙara da ƙarancin wani sinadari selenium a jiki. Koma dai menene sila, kanwa gishiri ce, gishiri kuma riƙe ruwa yake, to kinga ƙara mata kunun nan ƙara wa zuciya kaya ne. Goggo da alheri take nufi, a lallaɓa ta, amma a dakata da kanwar.

Zai iya zama wani abun kuma. Ƙarancin jini yana sa haki, musamman in ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Hawan jini ma baya tafiya da an yanke cibiya, yana iya tasowa har sati 6 bayan haihuwa, in awo ya kai 140/90 ko tana ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi to jijjiga ake tsoro. In kuma ƙafa ɗaya ce tafi kumbura tana zafi, gudan jini ne ake zargi, yana iya tafiya huhu.

Ciwon zuciyar nan yana da magani, da yawa suna warkewa, sai dai a gaya wa mijin tun yanzu, ba maganar wani cikin sai likita yace zuciyar ta dawo.

Tambaya: Anti ina ganin ɗan jini bayan mun sadu da maigida, ba lokacin al'ada ba, ba ciwo. Shekarata 38. Daga Maraɗi.

Amsa: Rashin ciwon kar ya ruɗe ki. Yawanci ƙwayar cuta ce ko ɗan tsiro a bakin mahaifa, amma sankarar bakin mahaifa ma haka take farawa, shiru ba zafi. Kije a duba bakin mahaifar, gwajin 'yan mintuna ne, kar ki tsaya matsi ko tsarki da magani. In an ce lafiya lau amma jinin bai tsaya ba, ki koma.