Likita, in yarda a yi min aikin fankiriyas ko in ci gaba da shan magani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 41, na daɗe ina fama da kumburin fankiriyas, ciwo ne a saman ciki yana ratsawa har gadon baya, da na ci abinci sai ya taso, yanzu har tsoron abincin nake yi duk na rame. An taɓa zura min na'ura ta baki aka sa min wata 'yar roba a bututun fankiriyas ɗin, na ɗan samu sauƙi sai kuma ya dawo, yanzu kullum sai na sha taramadol kafin in iya barci. Likitan tiyata yace hoto ya nuna bututun ya buɗe kuma akwai duwatsu a ciki, gara a yi aiki. Matata da yayyena sun ce kar in yarda babban aiki ne, wani kuma yace min duk wanda aka taɓa wa fankiriyas ciwon suga ne zai kama shi. Wallahi na rasa yadda zan yi.
Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya baka lafiya. Tsoron da iyalinka ke ji ba laifi bane don aikin fankiriyas babban aiki ne da gaske, amma akwai abu ɗaya da na lura baka faɗa ba kuma shine ginshiƙin maganar, wane irin aiki za a yi maka? Domin ba iri ɗaya bane, tsakanin wani da wani akwai tazara mai nisa.

Ita fankiriyas tana kwance ne a bayan tumbi, aikinta biyu, tana fitar da ruwan narkar da abinci ta wani siririn bututu zuwa ƙaramin hanji, sannan tana yin insolin mai daidaita suga. Idan kumburi ya daɗe sai tabo da duwatsu su toshe bututun, ruwan ya taru a baya kamar magudanar da ta cushe, wannan matsin yana daga cikin abin da ke kawo azabar da kake ji. To ga mai bututun da ya buɗe irin naka, wato ya ƙara faɗi saboda wannan matsin, aikin da aka fi yi shine a tsaga bututun a tsaye a kwashe duwatsun a ɗinke shi da hanji ruwan ya samu hanya, ana kiransa aikin Puestow, tun wajen 1958 ake yinsa. Akwai na Frey da ya zo a 1987, shi ana ƙara rarake kan fankiriyas ɗin inda ciwon yafi taruwa. Duka biyun ana barin mafi yawan naman a wurinsa. Na Whipple kuwa yafi nauyi, ana cire kan gaba ɗaya da farkon ƙaramin hanji da madaciya da wani ɓangare na bututunta, an fi yinsa idan akwai ƙullutu da ake zargin daji ne ko kan ya danne abin da ke kusa da shi. Sai na ƙarshe, a cire fankiriyas ɗin ɗungurungum.

Maganar suga da aka faɗa maka rabin gaskiya ce. Wanda aka cire wa duka babu makawa zai dogara da allurar insolin, kuma sugansa yana da wuyar sha'ani don yakan faɗi ƙasa farat ɗaya, shi yasa a 1977 likitoci a Jami'ar Minesota ta Amurka suka fara tace ƙwayoyin da ke yin insolin daga naman da aka cire su zuba su cikin hantar mutum, amma ko da hakan kusan ɗaya cikin uku ne ke rabuwa da allura, kuma asibitoci kaɗan ne a duniya ke yi. Amma a Puestow ko Frey ba haka abin yake ba. Abin da mai baka labarin bai faɗa maka ba shine ciwon da kansa yana cinye fankiriyas a hankali, mutane da yawa masu shi suna kamuwa da suga ko an yi aiki ko ba a yi ba, kenan ƙin aikin ba zai kare ka daga sugan ba.

Yanzu ga ra'ayina, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da bayanin da ka bayar, bututu ya buɗe, akwai duwatsu, an gwada ta baki ciwo ya dawo, ka fara dogara da taramadol, ni na fi karkata ga ka yarda, kuma kar ka ja lokaci. A da ana ɗaukar tiyata a matsayin abin da ake komawa in komai ya ƙi, amma bincike biyu da aka yi a ƙasar Holan sun sauya tunanin likitoci. Na 2007 da aka yi da mutum 39, bayan shekara biyu kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun samu sauƙin ciwo, waɗanda aka bi ta baki da na'ura kashi 32 kacal. Na 2020 mai suna ESCAPE da mutum 88 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da wuri ciwonsu yafi sauka cikin wata 18, kuma basu yi ta komawa ana sake taɓa su ba kamar ɗaya rukunin. Dalilin da yasa jinkiri ke cutarwa shine idan ciwo ya shekara da shekaru jijiyoyi sukan saba da aika saƙon zafi ko da an gyara tushen, kuma wanda ya daɗe kan ƙwayoyi masu ƙarfi sakamakon aikinsa baya kai na wanda bai daɗe ba. Taramadol ɗin nan ya fi damuna fiye da wuƙar likita, amma kar ka yanke shi rana ɗaya da kanka, likita ne zai rage maka sannu a hankali.

Duk da haka ka shiga da idonka buɗe. Ba kowa ke rabuwa da ciwon kwata-kwata ba, wasu raguwa kawai yake yi, wasu ya dawo bayan shekaru. Ɗinkin yana iya yoyo, ana iya zubar jini ko ƙwayoyin cuta su shiga, kuma akwai waɗanda ke rasa ransu duk da dai kaɗan ne a hannun ƙwararru. Zaka yi kamar sati ɗaya zuwa biyu a kwance, ƙarfinka kuma sai an ɗau makonni ko watanni kafin ya dawo, kuma mai yiwuwa ka ci gaba da haɗiyar ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon tare da kowane cin abinci, musamman in bayan gidanka yana maiƙo yana tasowa saman ruwa.

Ka koma wurin likitan, ka tafi da maiɗakinka da babban yayanku su ji da kunnensu don su ne zasu yi jinya. Ku tambaye shi sunan aikin, me za a cire me za a bari, za a taɓa saifa ko a'a don in za a cire ta akwai rigakafin da ake yi, an tabbatar babu daji, sannan ka daure ka tambaye shi sau nawa yake irin wannan aikin a shekara, ba rashin kunya bane, an tabbatar asibitin da ke yawan yinsa yafi samun nasara. In zuciyarka bata kwanta ba ka ɗauki hotunanka ka kai wa wani likitan tiyatar ya duba. Kafin ranar, in kana shan taba ko giya ka daina gaba ɗaya don suna ƙara rura ciwon, taba kuma tana hana rauni warkewa da wuri, a auna sugarka, kuma a taimaka maka ka ɗan maida jiki don ramammen jiki baya jure babban aiki. In kuma kaga idonka yayi rawaya, ko zazzaɓi, ko amai yaƙi tsayawa, kar ka jira ranar da aka baka, ka tafi asibiti a ranar.