Kada ka saki reshe ka kama ganye: amsa ga yarona mai son jingine labari a tsakiya

Ɗana, na karanta saƙonka, kuma da ba don ya fama mini wani tsohon miki ba, da na bar maganar sai ranar da muka haɗu. Ka ce kana tsakiyar labarin da ka riga ka saki kashinsa na ɗaya a WhatsApp, sai wani sabon labari ya faɗo maka wanda kake ganin ya fi na farko armashi, kana tambaya ko ka jingine tsohon ka kama sabon. Wannan ne karo na uku a cikin shekara guda da ka zo mini da irin wannan tambaya, kuma har yau ban ga littafi ɗaya da ka kai ƙarshensa ba.

Ba zan ɓata yawuna a kan tsara babi ko gyaran ƙa'idar rubutu ko kai wa wani ya duba maka ba, domin wanda bai san waɗannan ba bai isa ya kira kansa marubuci ba. Abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa muke raba littafi kashi-kashi. Mu da muka shiga sana'ar a shekarun 1990, zamanin da ƙungiyar marubuta ta Raina Kama take tashe a Kano, babu kamfanin da yake buga mana, kuma babu bankin da yake kallonmu. Kuɗin kashi na ɗaya shi yake buga na biyu, na biyu kuma ya buga na uku, saboda haka duk wanda ya taɓa kuɗin da yake tsakani ya tsinke igiyar gaba ɗaya. Na san wannan sarai, na koya wa mutane da yawa, sannan na zo na karya shi da hannuna bayan na yi fiye da shekara ashirin a cikin sana'a, kuma abin da yake ƙona mini rai ke nan har gobe.

A farkon 2016 ina da littafi mai kashi uku, biyu sun fita sun ƙare a kasuwa, dillalai daga Sabon Gari har Maraɗi da Damagaram suna ta aiko mini suna tambayar na uku. Na rubuta fiye da rabinsa, kuɗin takarda kuma yana hannuna. Ana nan sai na yi tafiya zuwa Damagaram karɓo kuɗi, a cikin mota wata dattijuwa ta ba mu labarin 'yarta da mijinta ya bi ta Agadas ya tafi Libiya ci-rani, shekaru suka shuɗe babu wasiƙa babu saƙo, ita ba mai aure ba, ita ba sakakkiya ba. Kafin mu sauka na riga na ga littafin tun daga bangonsa har shafin ƙarshe. Sabon labari kamar amarya yake, ba ka ga aibinsa ba tukuna saboda ba ka zauna da shi ba, shi kuwa tsohon ka san duk inda yake ɗingishi.

Kuskurena na farko shi ne na buɗe baki na ba wani dila labarin. Mutumin nan mun yi shekaru muna hulɗa, yana kirana Malam, yana rusuna mini. Ya dafa ƙirji ya ce in bar kashi na uku ya jira, in fitar da wannan da sauri kafin wani ya riga ni, shi zai kwashe kwafi dubu uku gaba ɗaya. Ban nemi ya ba da kafin alƙalami ba, ban sa shi ya rubuta komai ba. Na ɗauki kuɗin kashi na uku na sayi takarda, na zauna na rubuta sabon littafi cikin mako biyar, shafi 64.

Ga lissafin da nake so ka riƙe. A injin da muke bugawa, faranti ɗaya, wato ƙarfen da ake ɗora rubutu a kai a buga, yana ɗaukar shafi takwas, takarda ɗaya gaba da baya shafi 16, saboda haka littafi mai shafi 64 yana cin faranti takwas da takarda huɗu a kowane kwafi, kwafi dubu uku kuwa rim 24 ke nan, kowane rim takarda 500, banda asarar gwaji. Littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya ba a jera shafukansa ɗaya bayan ɗaya a faranti, shafi na farko yana zama ne tare da na ƙarshe. Bayan an gama faranti takwas ɗin nan, har an fara juya injin, dilan ya zo ya ce ƙarshen labarin ya yi baƙin ciki da yawa, mata ba za su saya ba sai mijin ya dawo. Ni kuma da zuciyata ta riga ta fara raya mini wani sabon babi, na amince. Littafi ya tashi daga shafi 64 zuwa 80, wanda yake nufin shafi na ɗaya ya rabu da abokin zamansa, duk faranti takwas suka zama na gwangwan, aka sake guda goma, takardar da aka riga aka buga kuma ta tafi wurin masu ƙosai da tsire. Mai maɗaba'a bai cuce ni ba, ya gaya mini gaskiya tun kafin ya tsayar da injin, ni ne na toshe kunnena.

Da littafi ya fito, mai dafa ƙirji ya ɗauki kwafi dubu biyu bashi, ya ce sauran sai ya ga yadda kasuwa ta karɓa. Ya biya ni abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, daga nan ya koma yau da gobe. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 197 zuwa wajen 280 a farashin gwamnati, takarda kuwa daga waje ake shigo da ita, saboda haka kuɗin da a watan Maris zai buga mini kashi na uku ya daina isa, ga shi ma ba ya hannuna. Bayan damina mutumin nan ya aiko mini da ɗauri-ɗauri na littafina a bayan a-daidaita-sahu, ruwa ya jiƙa su sun manne, wai ba su shiga ba. Har yau idan muka haɗu a wurin ɗaurin aure shi yake fara miƙo mini hannu.

Kashi na uku bai fito ba sai bayan fiye da shekara. Masu karatun da suke nemansa sun gaji sun koma karatu a waya, dillalai kuma sun ƙi karɓar sabon bugu na kashi na ɗaya da na biyu, suna cewa ba sa sayar da labarin da ba shi da ƙarshe. Littafi biyu na kashe da tunani guda.

Za ka ce mini kai ba ka da faranti ba ka da rim, ɗan yatsa kawai kake dannawa. Wannan shi ne abin da ya lalata ku, domin abin da ba ya cin kuɗinku ba kwa ganin girmansa. Matar da ta tura maka kuɗi ta shiga zaurenka na WhatsApp ta sayi labari ne har ƙarshensa, kuma ranar da ka jingine shi ka ci bashinta, ba za ta sake biya maka na gaba ba, za ta kuma gaya wa ƙawayenta.

Abin da nake yi tun daga lokacin shi ne, ina da littafin rubutu guda da nake ajiye sababbin labarai. Duk wanda ya faɗo mini nakan rubuta shi a shafi ɗaya tak, in sa kwanan wata, in rufe, ba na sake buɗewa sai bayan kwana arba'in, kuma ba na faɗa wa kowa, balle dila. Mafi yawansu idan na koma nakan tarar sun huce, wanda ya rage da zafinsa shi yake shiga layi, bayan wanda yake kan teburi. Canjin da ya shafi labarin da nake ciki kuwa ina yin sa ne kafin shafi ɗaya ya bar hannuna.

Ka rubuta naka sabon a shafi ɗaya ka ajiye. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo mini da kashi na biyu na tsohon a buge a takarda, domin ba na karatu a waya, kuma ka zo da ƙarshen labarin a rubuce ko da layi goma ne. Idan ka shigo zaure ka duba hannun hagu, ɗaurin littattafan nan da ruwa ya ci suna nan, a kansu za ka zauna.