Bargon Tsofaffin Jins: Me Ya Sa Ɗinkin Ke Tattarewa?

Tambaya: Anti, na fara haɗa bargon hunturu da wandunan jins na gwanjo, amma duk inda na sa jins mai roba sai ɗinkin ya tattare. Mene ne mafita? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ƙanwata, ƙafar keke ce ke jan mai robar tana talewa, marar robar kuma yana nan yadda yake. Kafin ki yanka, ki liƙa masa farin yadi mai gam a baya, irin wanda teloli ke sa wa kwalar riga. Kada dutsen guga ya yi zafi sosai, zaren robar yana lalacewa. Wurin ɗinki, mai robar ya kasance a ƙasa.

Ki wanke wandunan tukuna, don shuɗin yana zuba. Ki yanka su gunduwa-gunduwa masu kusurwa huɗu, inci 6 kowane gefe, a ciki ki bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe. Guda 192, wato 12 a jere sau 16, za su ba ki bargo inci 60 da 80. Allura lamba 16 ko 18, ƙarama karyewa take. Mahaɗa mai kauri ki daddake ta da guduma.

Auduga a tsakiya kuwa, ban ba ki shawara ba. Jins nauyi gare shi, shafin atamfa ya isa.