Amsa Kan Wanda Ya Zana Burj Khalifa

Malam, ka tambaya ko wane ne ya zana Burj Khalifa na Dubai, da kuma dalilin da ya sa iska ba ta kayar da shi. Sunansa Adrian Smith, Ba'amurke ne da aka haifa a Chicago a 1944. Ya shiga kamfanin zanen gine-gine na SOM (Skidmore, Owings & Merrill) a 1967, bai bar shi ba sai 2006, lokacin da suka kafa nasu shi da Gordon Gill. Kafin aikin Dubai ya zana dogon ginin Jin Mao na Shanghai mai hawa 88, wanda aka kammala a 1999.

Burj Khalifa, wanda aka buɗe a 2010, tsawonsa mita 828 ne. Ginin yana da fukafukai uku da suka tokare ginshiƙin tsakiya, kamar yadda duwatsun murhu uku suke riƙe tukunya, kuma yana ƙara tsukewa mataki-mataki yayin da yake hawa sama, ta yadda iskar da ta bugi wani hawa ba za ta tarar da siffa iri ɗaya a na samansa ba, sai ƙarfinta ya watse. A nan dole a ambaci injiniya Bill Baker, domin shi ya jagoranci lissafin ƙashin ginin, kuma a ganina ɗalibanmu masu karatun zanen gini a nan Katsina ya kamata su riƙe sunansa kamar na Smith. Kamfanin Smith ne kuma ya zana hasumiyar Jidda, wadda ake son ta haura mita 1,000.