Hukuncin cin bushiyar teku mai dafi da sayar da ita

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina aiki a jirgin kamun kifi a gaɓar Bahar Maliya kusa da Jidda. Idan ruwa ya janye nakan tsinci bushiyar teku, wata halittar ruwa mai ɓawo da ƙaya, da hannu, mu fasa mu ci, wani lokacin in sayar. Akwai masu launi mai ɗaukar ido da aka ce dafi gare su, ni kuwa ban iya rarrabe su ba. Abokan aikina 'yan Bangaladash sun ce haramun nake ci.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka. Abin da ke rayuwa cikin teku halal ne a wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, ba ya bukatar yanka.

Abokan aikinka ba da ka suka faɗa ba, mazhabar Hanafiyya suke bi, wadda ta halatta kifi kaɗai, ta sa sauran cikin ƙazantattun abubuwan da aya ta 157 a Suratul A'araf ta haramta. Sai dai wannan fahimta tana da rauni. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa ba tare da ware kifi ba, kuma ba a taƙaita abin da Allah ya yalwata sai da dalili. Hadisin matattu biyu da aka halatta, kifi da fara, bai ce babu na uku ba, ga shi kuma Annabi (SAW) ya ce mushen teku halal ne, bai togace komai ba. Ƙyama kuwa ba ma'auni ba ce. An kawo damo gaban Annabi (SAW) ya janye hannu, ya ce ba ya cikin abincin ƙasar mutanensa, Khalidu ɗan Walidu ya ja ya ci yana kallo. Abin da wani ke yamutsa fuska a kansa, Japanawa da tsada suke saye. Duk da haka kada ka tsananta musu, kada kuma ka zuba musu a miya a ɓoye.

Maganar da ta tsayar da ni ita ce taka: da hannu kake tsinta, kuma ba ka rarrabewa. Nan hukuncin ya juya. Abin da ake ci shi ne ƙwan nan rawaya mai layi biyar da ke cikin ɓawon, dafin kuwa a waje yake, a jikin ƙaya da wasu ƙananan mamatsa da ke tsakaninta. Wadda ta yi kamar an lulluɓe ta da ƙananan furanni masu ruwan hoda, kowane fure baki ne mai haƙora uku, yana rufewa a fata ya zuba dafi. Yana kawo azaba, leɓe da harshe su mutu, gaɓoɓi su saki, numfashi ya yi wuya, kuma wanda hakan ya same shi cikin ruwa yana iya nutsewa. Ja mai taushin jiki da ake kira ta wuta, ita ma ƙayarta dafi ce. Kai hannu tsirara ga waɗannan haramun ne a kanka bayan ka sani, domin jefa kai ne cikin halaka. Sayar da abin da ba ka san irinsa ba shi ma bai halatta ba, tunda mai saye ya amince maka ne. Ka zauna da tsoffin masunta su nuna maka wadda aka saba ci, ka tsaya a kanta, ka sa safar hannu mai kauri da takalmi.

Idan ta soke ka, fita daga ruwa nan take, ka tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon juriyarka, ka nufi asibiti. Fitsarin da wasu ke zubawa najasa ce, ba magani ba.

Ka kuma guji wadda ka tarar ta mutu ƙayarta na zubewa. Cuta ta kashe baƙaƙe masu doguwar ƙaya da yawa a Bahar Maliya a 2023, halaccin mushen teku kuwa bai sa a ci mai cutarwa ba. Bushiyoyin teku ne ke cinye gansakukar da ke shaƙe murjani, don haka kada ka kwashe fiye da bukata, kuma inda hukuma ta hana tsinta ka bari, kai baƙo ne mai iyali a gida. Wallahu a'alam.