Rikicin Kazakistan na 2022: bore ne ko rigimar manya?

Malam, ka tambaya ko abin da ya faru a Kazakistan a 2022 boren talakawa ne ko yunƙurin juyin mulki. Zanga-zangar ta ɓarke ranar 2 ga Janairu a garin Zhanaozen da ke yammacin ƙasar saboda tashin farashin gas na motoci, ta bazu har Almaty, birni mafi girma a ƙasar, inda aka ƙona ofishin magajin gari. Shugaba Tokayev ya karɓe shugabancin majalisar tsaron ƙasar daga hannun tsohon shugaban ƙasa Nazarbayev, ya kuma gayyato dakarun ƙawancen da Rasha ke jagoranta. Hukumomi sun ce mutum 238 suka mutu. Kuskure ne a ɗora komai kan farashi, domin a ganina rigimar manya ta shiga ciki. Idan bincike kake yi, ka tuntuɓi masanin Asiya ta Tsakiya kafin ka dogara da alƙaluman gwamnati.